Khalfan Direba da Kujerar Jikansa

Shekara talatin da huɗu Khalfan ya yi yana jan motar safa tsakanin Nizwa da Maskat, kuma ko akuya bai taɓa bugewa ba. Duk wanda ya zauna da shi har ya sha gahawa kofi biyu sai ya ji wannan labari. In ma ya manta, matarsa Shamsa ce ke tuna masa, tana kiransa da alkunyar ɗansu Hilal. "Abu Hilal, baƙo zai tashi ba ka ba shi labarin akuya ba." Ko bai gane tsiya take yi masa ba ne, ko ya gane ya share, Allah masani.

Da ya ajiye aiki sai ya koma wa gonar dabinon da ya gada. Abin hawansa wata tsohuwar a-kori-kura ce fara, wadda yake wankewa da hannunsa duk safiyar Alhamis, ciki da waje, har da tayoyi.

Ana nan sai aka mayar da surukinsa Talal aiki can rijiyoyin mai a cikin sahara, mako biyu can, mako biyu gida. Matar Talal, Zuwaina, ita ce autar Khalfan, malamar lissafi ce a wata makarantar 'yan mata da ke ɗaya gefen gari. 'Ya'yanta biyu: Azza mai shekara shida da ta shiga aji ɗaya, da Munzir ɗan wata takwas, mai kumatu kamar an cusa masa dabino a kowane gefe. Ƙarfe bakwai saura kwata Zuwaina take barin gida. To wa zai kai Azza makaranta, wa zai kai Munzir wurin kakarsa?

Wata Alhamis bayan la'asar ta zo gidan iyayenta da maganar. Ba ta ma kai ƙarshe ba Khalfan ya ɗaga hannu.

"Wannan har magana ce? Ga direba zaune a gida yana gadin tabarma. Ranar Lahadi shida da rabi ina ƙofar gidanki."

"Allah ya saka da alheri, Baba. Amma da sharaɗi."

Ya ajiye kofinsa. "Ummu Hilal, kin ji? Ni ake kafa wa sharaɗi a kan tuƙi."

"Ba tuƙinka ba, Baba, wa ya isa? Zancen kujera ne. Munzir ba ya shiga mota sai a cikin kujerarsa, a baya, fuskarsa na kallon baya. Azza ma tana da tata, mai ɗaga ta sama."

"Yana kallon baya? Laifin me ya yi?"

"Wuyansa bai yi ƙwari ba. In aka taka birki da ƙarfi, jikin kujerar ne zai tallafe masa kai da wuya."

"Ke a kan me kika je Maskat kina kamarsa? A cinyar uwarki, a kujerar da ke bayana. Ga ki nan da wuyanki lafiya, har kina ɗaga mini shi."

Shamsa ta ce, "Ta je kam. Kuma tun kafin mu kai Izki ta yi mini amai a kan sabon mayafi."

Zuwaina ta yi dariya, amma ba ta sassauta ba. "Allah ne ya tsare, Mama. Yanzu kuma doka ce, yaron da bai cika shekara huɗu ba dole sai da kujera. 'Yan sanda na tsayarwa su ci mutum tara. Baba, kana so a ce Khalfan direba, sai da ya yi furfura aka fara rubuta masa takarda a bakin titi?"

Ta san inda za ta taɓa. Ya shafa gemu.

"To, na ji. Amma kujera ni zan samo tawa. Ba na aron kayan aiki."

Washegari Juma'a ya yi sammakon kasuwa. Ya zaga wurin awaki kamar yadda ya saba, ya taya bai saya ba, sannan ya gangara layin 'yan gwanjo. Tsakanin wata tsohuwar fanka da tulin tukwane ya hango ta: kujerar jariri ja mai zanen kifaye. Ya girgiza, ya ƙwanƙwasa, ya ji garau. Ya saya, ya jefa a bayan a-kori-kura, ya nufi gidan Zuwaina yana jin kansa.

Ta fito ta kifa kujerar a ƙasa tana dubawa.

"Baba, wurin wa ka saya?"

"Wurin mai sayarwa."

"Shi daga ina ya samo ta?"

"Zan tambaye shi asalin kakanninta ne? Kujera ce fa, ba aurenta zan yi ba."

Ta nuna masa inda ya kamata a ga ranar da aka ƙera ta, takardar ta koɗe fes, ba a ganin komai. Ta kuma bi da yatsa kan wani siririn farin layi a jikin robar.

"Robar nan tsufa take yi, balle a ranar ƙasar nan. Kuma in an taɓa yin haɗari da ita, ko ido bai ga komai ba, ta gama aiki. Wannan ba mu san abin da ta gani ba. Na biyu kuma, Baba, a ina za ka ɗaura ta? Motarka ba ta da kujerar baya."

Ya waiwaya ya kalli a-kori-kurarsa kamar yau ya fara ganinta.

"Mu yi musanya," in ji Zuwaina. "Ka riƙe tawa da kujerunta a ɗaure, ni in riƙa zuwa makaranta da taka."

"Ke? Wannan? Giyarta ta biyu sai da lallashi."

"Wa ya koya mini tuƙi a cikinta a hanyar gona, yana ta yi mini ihu a kan kuloci?"

Ya ciro makulli daga aljihu ya miƙa mata a hankali, kamar mai ba da auren 'ya. Ita kuwa jar kujera tsakar gidan Shamsa ta ƙare, inda kyanwa ta mayar da ita gadon sarauta.

Ranar Lahadi da sassafe Zuwaina ta tsaya a kansa ya ɗaure Munzir. Ya sa masa maɗaurin ta kafaɗu biyu, ya danna ƙarfen ya ce ƙas, ya miƙe.

"Tsunkuli maɗaurin a nan kan kafaɗa," in ji ta.

Ya tsunkula, yatsunsa suka kamo ninki.

"In dai ya kamu, bai ɗamu ba. Ja wannan igiyar ta ƙasa."

"Za ki shaƙe mini aboki."

"Dube shi, dariya ma yake yi."

Haka aka fara. Motar Zuwaina 'yar ƙarama ce shuɗiya, da hoton jariri manne a gilashin baya. Ran da ya fara wucewa da ita ta gaban garejin amininsa Hamud bakanike, sai da Hamud ya fito har bakin titi yana tafi. "Ku ba da hanya, ga direban 'yan goye!" Suwaid, tsohon ma'aikacin gidan waya da ke yini a bencin garejin, ya ƙara da cewa, "Abu Hilal, nawa ne kuɗin mota zuwa wurin madara?" Khalfan ya ɗaga musu hannu ɗaya ya wuce, kansa a miƙe.

Gaskiyar magana, aikin ya yi masa daɗi tun a makon farko. Akwai wani ɗan madubi da Zuwaina ta rataya a gaban Munzir, in Khalfan ya ɗaga ido ga nasa madubin sai su haɗa ido da yaron. Sai ya koma kiran tasha kamar da. "Masu sauka Firq! Masu sauka kasuwa! Ke mai jaka, a shirya!" Azza ta amsa da "Akwai!" Munzir ya yi ta harba ƙafa.

Ya kuma koyi wasu abubuwa da kansa. Ranar Talata da azahar, zai mayar da Munzir, ya kama ƙarfen maɗaurin ya ji kamar ya taɓa garwashi. Ya tsaya yana hura yatsa yana tunanin da a cinyar yaron ƙarfen ya sauka. Daga ranar, duk inda ya ajiye mota sai ya lulluɓe kujerar da wani tsohon rawaninsa. Zuwaina ta kuma ja masa kunne kada ya bar yaro a mota ko da burodi zai shiga saya. Ya ce shi ba yaro ba ne da za a gaya masa wannan, amma washegari ya fara ajiye sandarsa a ƙasan kujerar baya. Khalfan ba ya taka ƙafa biyu babu sanda, don haka ba ya barin motar sai ya buɗe ƙofar baya.

Sai Alhamis ta zo. Mai hali ba ya fasa halinsa. Ya kai Azza makaranta, ya miƙa Munzir ga Shamsa, ya ɗebo bokiti da soso. Da ya leƙa ƙarƙashin kujerar jaririn ya ga ɓarɓashin biskit da ƙwallon dabino da safa ƙafa ɗaya, ransa ya ƙi. Ya lalubo, ya danna nan ya ja can, kujera ta fito. Ya share, ya goge, mota ta yi ƙal. Ya ɗauko kujera zai mayar.

Kujera ta ce ba ta san zancen ba.

Ya tura, ya juya, ya zagaya ta ɗaya ƙofar ya sake turawa. Gumi ya jiƙa masa riga. Shamsa ta leƙo da Munzir a kafaɗa.

"Ka kira yarinyar nan mana."

"Tana aji. Kuma ni injin safa na sha kwancewa in ɗaura, kujerar roba ce za ta gagare ni?"

Ya jefa ta a mota ya tafi garejin Hamud. Nan fa aka taru a kanta, tsofaffi uku. Suwaid ya sa tabarau ya lalubo ɗan littafin kujerar yana karanta hotuna, sai daga baya aka lura a kife yake riƙe da shi. Hamud ya ce a kawo igiya ya yi mata ɗaurin buhu. Da Khalfan ya harare shi sai ya ce, "To ko in buga mata walda sau ɗaya kowa ya huta?" A ƙarshe suka zagaya mata bel ɗin motar ta wata kafa da suka gani, suka ja da ƙarfin mutum uku. Ta zauna. Khalfan ya kama ta ya jijjiga, ta yi rawa kamar haƙorin tsoho.

"Ai ta zauna," in ji Hamud. "Daga gidanka zuwa nata minti nawa ne? Wa zai sani?"

Khalfan ya ɗan tsaya. Ya so ƙwarai a ce haka ne.

"Hamud, ka taɓa ganin na tashi daga tasha da noti ɗaya sako-sako a taya?"

"Ban taɓa ba. Shi ya sa ma 'yan gareji ba sa son ganinka."

Ƙarfe goma yana ƙofar makarantar Zuwaina. Mai gadi ya kira ta a lokacin hutun ɗalibai, ta fito da sauri, hannun rigarta duk alli.

"Lafiya, Baba? Munzir ne?"

"Lafiyarsa ƙalau. Kujerar nan taki ce take da matsala."

Ta leƙa motar, ta shaƙi ƙanshin sabulu, ta kalli yadda aka naɗe kujerar da bel kamar ragon layya. Ta danne dariya da ƙyar.

"Wanka ka yi mata."

"Akwai biskit a ƙarƙashinta da ya girmi Azza."

Ta warware bel ɗin, ta kamo hannunsa ta cusa yatsunsa a tsagar da ke tsakanin mazauni da majingina. Ya ji wasu ƙarafa biyu a ɓoye.

"Nan take kamawa. Ga bakinta biyu a baya. Tura har ka ji ƙara, wannan jan ya koma kore. Sai ka sauke ƙafarta ta dafa ƙasa. Yanzu kama ta daga gindi ka jijjiga. In ta gota fiye da faɗin yatsa biyu, ba ta ɗauru ba."

Ya jijjiga. Motar ce gaba ɗaya ta motsa, kujera ko gezau.

"Ikon Allah. Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Cire ka sake."

"Ai na gani."

"Cire ka sake, Baba."

Ya cire ya sake. Ta ce a ƙara. A karo na uku ya ɗago yana haki.

"Ramuwa kike yi, 'yar nan."

"Sau goma sha ɗaya ka sa na yi ribas a bakin rijiyar gona. Ina ƙirge."

Aka kaɗa ƙararrawa ta koma aji. Shi kuwa bai wuce gida ba sai da ya biya ta gareji ya cire ya mayar a gaban Hamud da Suwaid, cikin ƙiftawar ido.

Bayan kamar wata guda kuma sai ga rigimar Azza. Ya je ɗaukarta ya tarar ta cika ta yi fam. Ta buɗe ƙofa ta ture kujerarta gefe ta zauna a kan ta motar.

"Ke lafiya?"

"Ni ba jaririya ba ce. Nauf 'yar ajinmu ta ce kujerar jarirai nake hawa. Ita gaba ma take zama kusa da babanta."

"Nauf da babanta su suka sani. To zauna yadda kike so, mu sa bel mu gani."

Ya ja mata bel ya maƙala. Na saman ya bi ta kan maƙogwaronta, na ƙasan ya hau kan ciki.

"Ina ya taɓa ki?"

"Wuya."

"In na taka birki, a nan zai ja. Hau taki mu gani." Ta hau tana turo baki. Bel ya kwanta a tsakiyar kafaɗa, na ƙasan ya sauka kan cinyoyi. "Kin gani? An yi bel ɗin nan don dogaye ne. Mu gajeru sai da dabara."

"Mu? Kai ai babba ne, Kaka."

Ya waiga hagu da dama kamar mai tsoron a ji, ya sunkuyo. "Zan gaya miki abin da ko uwarki ba ta sani ba. Safar da na ja, kujerarta ta fi ƙarfina. In na zauna, sitiyari ne a gaban hancina. Sai kakarki ta ɗinka mini wani matashi mai kauri, ta cusa masa auduga. A kansa nake zama in ja mutum hamsin har Maskat."

Azza ta zaro ido. "Yaushe ka daina hawa?"

"Ranar da na ajiye aiki."

"Ke nan har ka tsufa ba ka girma ba?"

"Ke dai rufa mini asiri. Ke kuwa za ki girma, ƙafafun babanki gare ki. Duk ƙarshen wata mu gwada. Ranar da bel ya kwanta miki a kafaɗa, gwiwarki ta lanƙwashe a bakin kujera bayanki na jingine, ni da kaina zan sauke ki."

Asirin bai kwana ba. Da la'asar Zuwaina ta bugo waya tana dariya har da tari.

Haka kwanaki suka yi ta tafiya har Babbar Sallah. A al'adar gidansu, rana ta uku kowa yake haɗuwa a ƙauyen yayansa Saif, can kan dutse bayan Hamra, don buɗe ramin nama. Tun ranar Sallah ake shafe naman da kayan yaji, a naɗe a ganyen ayaba, a sa a buhunan kaba, a binne a kan garwashi. Shekara arba'in Khalfan na cikin masu riƙe ƙugiya su ciro buhun farko. A bana Talal na wurin aiki. Zuwaina ta yi gaba tun da hantsi da a-kori-kura cike da tukwane da tabarmi. Khalfan ya biyo baya da Shamsa a gefensa, yara a baya, Munzir cikin sabuwar 'yar farar riga da hula mai aiki.

Har suka wuce Hamra lafiya lau. Suna fara hawan dutse Munzir ya tsage da kuka. Ba irin na shagwaɓa ba, kuka mai shiɗewa, har fuskarsa ta yi ja a cikin madubi. Azza ta kaɗa masa abin wasa, ya ture. Khalfan ya kira tasha, a banza.

Shamsa ta juya. "Azza, danna jan maɓallin nan ki miƙo mini shi."

"Azza, kada ki taɓa."

Yarinyar ta janye hannu. Ba ta taɓa jin wannan muryar a bakin kakanta ba.

"Abu Hilal, yaron nan zai shiɗe. Saura kwata mu isa. Wane ɗan sanda ne a kan dutsen nan ranar Sallah?"

"Ba don ɗan sanda nake yi ba."

"Yara biyar na rena a cinyar nan."

"Kin rena, Allah ya biya ki. Amma dubi hanyar. Kwana bayan kwana, ga samari na gangarowa da motocin Sallah kamar an koro su. Bari in sami wurin tsayawa."

Wurin tsayawar ne babu. Dama dutse, hagu rami. Yaro na ta tsala ihu, kowane kuka kamar ana jan wata jijiya a ƙirjin Khalfan. Shamsa ta juya fuska ga taga.

"Tsufa ya mayar maka da zuciya dutse," in ji ta.

Minti biyar aka yi a haka, shi dai ya ji kamar ya je Maskat ya dawo. Can bayan wata kwana hanya ta buɗe, ga fili a gindin wata kurna, ga ruwan gonaki na gudu a 'yar magudanarsa. Ya faka, ya ja birkin hannu, kafin Shamsa ta kwance nata bel ɗin har ya zagaya ya ciro yaron.

Ashe ɗinkin wuyan sabuwar rigar ne ke kartar masa fata, har wurin ya yi ja. Ga kuma jiƙa, ga yunwa. Shamsa ta karɓe shi ba ta kalli mijinta ba. Ta shimfiɗa mayafi a inuwa, ta tuɓe masa rigar, ta sauya masa ƙunzugu, ta sa masa bulumboti a baki. Kuka ya koma ajiyar zuciya. Azza kuwa tuni ta cire takalman Sallah ta tsoma ƙafa a ruwa.

Waya ta yi ƙara. Saif ne.

"Kana ina? Mun kewaye rami, kai kaɗai ake jira."

Khalfan ya kalli Munzir, wanda ya lumshe ido yana tsotso a hankali, ko rabi bai sha ba.

"Ku buɗe."

"Mu buɗe ba kai? Ƙugiyarka fa tana hannuna."

"Miƙa wa Hilal ya riƙe, ai ya isa. Ku yi bismilla, Yaya. Ina da fasinja, bai gama cin abinci ba."

Ya kashe wayar ya zauna a kan wani dutse. Abin ya ɗan sosa masa rai, ba zai ce a'a ba. Yana iya jin ƙanshin a hancinsa, yadda hayaƙi ke tasowa in an ɗaga murfin. Iska na kaɗa kurna, ruwa na wucewa. Can Shamsa ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Akwai gahawa a butar da ke cikin kwando. Da alewar da na ce ta gidan Saif ce. Buɗe, ba za su ƙirga ba."

Ya zuba mata, ya zuba wa kansa. Ta kurɓa.

"Maganar dutse da na yi, ban kai ta zuci ba."

"Na sani."

"Amma ka daka wa yarinya tsawa."

Ya kira Azza, ta zo ƙafa jiƙe. Ya gutsuro mata alewa babba, wadda uwarta ba za ta taɓa yarda ba. Aka shirya.

"Rabon da mu zauna a hanya haka, ni da kai, tun ba a haifi Zuwaina ba," in ji Shamsa. "Kullum kai sauri, kamar ana binka da agogo."

"Da ana bina da shi."

Sai da Munzir ya ƙoshi, ya yi gyatsa, ya yi wasa da gemun kakansa, sannan aka sa masa tsohuwar rigarsa mai laushi aka mayar da shi kujera. Kafin kwana ta biyu ya yi barci.

Sun tarar har an baje faranti, maza sun yi nisa. Saif ya tarye shi da hannu duk maiƙo. "Ga wanda bai taɓa makara ba! Hilal ya ciro buhu, saura kaɗan ya bi shi cikin ramin." Aka yi ta dariya, kowa na jefa tasa. Azza kuwa ta ruga wurin uwarta ta zayyana mata komai, har da tsawar, har da alewar.

Khalfan na wanke hannu sai ga Zuwaina da faranti a rufe. Ta ajiye a gabansa ta buɗe. Naman kafaɗa ne, wanda ya fi so, mai zamewa daga ƙashi, ta ɓoye masa tun da aka buɗe buhun farko. Ba ta tayar da zancen abin da ya faru a hanya ba, shi ma bai tayar ba. Ta dai tsaya har ya kai loma ta farko.

"Ya yi?"

"Gishiri ya ɗan yi kaɗan. Saif bai taɓa iya sa gishiri ba."

Ya cinye tas. Ya yi sallar la'asar, ya ɗan kishingiɗa a inuwar ɗakin baƙi yana jin hayaniyar jikoki a waje. Rana ta yi sanyi suka yi sallama, don ba ya son gangara dutsen da duhu. A hanya yaran duka biyu suka yi barci, Azza ta jingina kai da gefen kujerarta, lallen Sallah a tafin hannunta. Shamsa na ɓare masa lemo tana miƙa masa ɓari-ɓari, tana ba shi labarin wadda za a aurar da wadda ta haihu a ƙauyen. Ana kiran magariba suka shigo Nizwa.